An Ce Ɗana Yana da Matsalar Karatu, Amma Hankalina Bai Kwanta Ba

Tambaya: Ina zaune a Unguwar Lambu, nan Keffi. Ɗana shekararsa 9, yana aji uku, har yanzu bai iya haɗa baƙi ba. Mun kai shi an yi masa gwaji, aka ba mu rahoto da Turanci, aka ce disleksiya ce. Ya ci maki 104 a gwajin tunani da hotuna, amma 74 a karanta kalmomi. Sai dai ba a taɓo abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ba: ba ya shiga cikin yara, yana toshe kunne ya yi ta ihu in an tada injin niƙa, kuma in aka sauya masa hanyar makaranta ranar babu zaman lafiya. Kakarsa ta ce miskilanci ne, mahaifinsa ya ce zai daina. Ko otizim ne? Ina zan dosa?

Amsa: Allah Ya saka miki da alheri da kika sa ido a kan yaron nan, ba ki bar shi da sunan "daƙiƙi" ba. Ba zan iya yanke hukunci daga wasiƙa ba, amma abin da kika lissafa ya isa dalilin neman bincike na biyu. Rahoton da ke hannunki tambaya ɗaya ya amsa: me ya sa karatu ke masa wuya? Tambayar zamantakewarsa kuwa ba a yi ta ba tukuna.

Yadda za ki karanta rahoton

Yawancin waɗannan gwaje-gwaje an tsara su ne a kan maki 100 a matsayin tsaka-tsaki. Kusan kashi biyu cikin uku na yara suna faɗawa tsakanin 85 da 115. Saboda haka 104 na nuna tunanin ɗanki daidai yake da na tsararsa. Shi kuwa 74 yana nufin in an jera yara 100 sa'anninsa, kusan 4 kawai zai fi a karanta kalmomi. Yaro mai basira wanda karatu ya yi wa tutsu ke nan, irin wanda wani likitan Ingila, Pringle Morgan, ya bayyana tun 1896: ɗan shekara 14 mai kaifin ƙwaƙwalwa da hazaƙar wasa, amma rubutu ya gagare shi.

Tushen matsalar galibi ba a ido yake ba, yana wajen rarrabe sautukan magana. Ki ce wa yaro ya cire "ka" daga "kaza", ya faɗi abin da ya rage. Tsararsa za su ce "za" nan take, shi kuwa sai ya yi tsuru. Ki duba rahoton, za ki ga sashe a kan wannan, da sashen saurin ambaton haruffa ko launuka, da na riƙe bayani a ka na ɗan lokaci. Ki nemi sashen fahimtar abin da aka karanta masa da baki. In ya yi kyau a nan, to kunne ne ƙofar ilminsa a yanzu.

Akwai tambayar da nake so ki koma ki yi wa wanda ya yi gwajin: da wane harshe aka gwada shi? Mafi yawan kayan gwajin da Turanci suke, kuma da yaran Amurka ko Ingila aka auna su. Yaron Keffi da ya tashi da Hausa, wataƙila da Gwandara ko Fulatanci a gefe, yana iya faɗuwa saboda baƙuncin harshe kawai. Rubutun Hausa galibi yana bin lafazi, na Turanci kuwa ba haka yake ba. In yaro ya kasa haɗa "ba" da "ki" da Hausa bayan an koya masa da kyau, kuma babbaƙu da farfaru ma suna ba shi wahala a makarantar allo, to hujjar ta ƙara ƙarfi.

Inda disleksiya ta tsaya

Disleksiya ba ta sa yaro toshe kunne saboda ƙara, ba ta hana shi sha'awar abokai. Yana iya janye jiki a aji saboda dariyar da ake masa, amma in an fita filin ƙwallo sai ya sake. Otizim, wanda wasu ke kira galahanga, abubuwa biyu ake dubawa a cikinsa, kuma dole alamun su faro tun ƙuruciya. Na farko wahalar cuɗanya: hira ta ba-ni-in-ba-ka, gane fuska da nufin mutane, ƙulla abota. Na biyu maimaita abu ɗaya, nacewa a kan tsari guda, ƙwallafa rai a kan abu ɗaya, da jin ƙara ko taɓi ko wari fiye da kima. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da shi. Yaro ɗaya yana iya haɗa otizim da disleksiya, har ma da matsalar rashin natsuwa da tara hankali. Samun ɗaya ba ya kore ɗayan.

Ki lura da wannan sosai: a wajenmu yaro mai tarbiyya ba ya zuba wa babba ido. Don haka sunkuyar da kai a gaban baƙon likita ba hujja ba ce. Abin dubawa shi ne yadda yake da ke da ƙannensa. In jirgi ya wuce, yana nuna miki da yatsa ya waiwayo ya ga ko kin gani? In ƙanwarsa ta faɗi tana kuka, yana kula? In ana langa ko ɓuya, ya gane dokar wasan, ko gefe yake komawa yana jera marafan kwalba, in an taɓa ɗaya ya birkice?

Shirin zuwa asibiti

Ki sayi ƙaramin littafi ki yi makonni kina rubuta abin da ya faru, da abin da ya jawo shi, da yadda ya lafa. Ki ɗauki gajerun bidiyo da waya ba tare da ya sani ba, lokacin wasa da lokacin rikici. Ki zauna da kakarsa ku tuno: yaushe ya fara magana, yana amsa sunansa kafin ya shekara, ya taɓa iya kalmomi sannan suka ɓace? Ki roƙi malamin ajinsa da na Islamiyya su rubuta abin da suke gani.

Daga nan ki fara da sashen yara na Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Keffi. Ki nemi a gwada jinsa da ganinsa, domin yaron da kunnensa ke da matsala yana iya kama da mai otizim. Ki faɗa wa likita in ya yi shawara mai tsanani bayan haihuwa, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko farfaɗiya, ko yana da sikila, don duk suna shafar koyo. Sannan ki nemi takardar turawa zuwa likitan ƙwaƙwalwa na yara ko masanin halayyar yara. Abuja ba ta wuce tafiyar kilomita 50 da ɗoriya ba, ga Asibitin Ƙasa a can. Akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, akwai kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Kada sunan asibitin ƙwaƙwalwa ya razana ki. Ɗanki ba mahaukaci ba ne.

Babu gwajin jini ko hoton kai da ke tabbatar da otizim. Ana gane shi ne ta doguwar hira da iyaye da kuma kallon yaro yana wasa da magana, wani lokaci da kayan gwaji irin su ADOS-2. Duk wanda ya yanke hukunci cikin minti biyar, ko ya ce yana da maganin da zai warkar da shi, ki riƙe kuɗinki. Allurar rigakafi ma ba ta kawo shi. Binciken da ya yaɗa wannan zargi a 1998, mujallar Lancet da ta buga shi ta janye shi a 2010. Addu'a kuwa ki dage da ita, ba ta karo da asibiti. Amma duka da ɗauri da turara hayaƙi da sunan fitar da iska cutarwa ce.

Abin da za ki fara tun yau

Kada ki jira sakamako na biyu. Kullum ki ware minti 15 zuwa 20, ku fara da Hausa. Sauti ɗaya a rana: ya furta, ya zana da yatsa a rairayi, ya tafa gaɓoɓi, ba, be, bi, bo, bu, sannan ku haɗa "baba" da "babu". Ki riƙa karanta masa labari da baki don ilminsa kada ya tsaya jiran idonsa. A Islamiyya a bar shi ya yi hadda ta saurare.

Ki kai kwafin rahoton makaranta, ki nemi a zaunar da shi gaba, a daina tada shi karatu a gaban aji, a ƙara masa lokaci a jarrabawa, a ajiye bulala. Wannan ba alfarma ba ce. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta tabbatar musu da haƙƙin ilmi ba tare da wariya ba. A gida kuma, in za a sauya hanya ko a tada injin niƙa, ki sanar da shi tun da wuri, ki tanadar masa ɗaki mai shiru.

Game da mahaifinsa, kada ki ja da shi. Ki nuna masa bidiyon, ki roƙe shi ya raka ku ganin likita ya ji da kunnensa. In bincike ya ce otizim ne, kun san inda za ku sa ƙarfinku: koyon magana, cuɗanya da dogaro da kai. In ya ce ba shi ba ne, za a nemi dalilin tsoron ƙarar da kaɗaicin a wani wajen. Ko wanne ya fito, ɗanki ya ci riba. Allah Ya raya shi, Ya ba ki ladan ɗawainiya.