Ragowar Amfanin Gona: Abincin Tumaki da Awaki a Lokacin Rani

Daga watan Nuwamba zuwa Mayu ciyawa takan bushe a yawancin arewacin Nijeriya. A wannan tsakani ne tumaki da awaki sukan rame, masu ciki su yi ɓari, masu shayarwa su rasa nono. Alhali kuwa abin da zai raba su da wannan wahala yana nan cikin gona bayan girbi, sau da yawa ma wuta ake cinna masa.

Ragowar amfanin gona iri biyu ce. Akwai mai cika ciki, wato karan dawa, da na gero, da na masara. Akwai kuma mai gina jiki, wato harawar wake, da ta gyaɗa, da kowa, da tunkuza, da angurya. Sinadarin gina jiki da ke cikin harawa ya ninka na kara fiye da sau biyu. Saboda haka dabbar da aka bari da kara kaɗai za ta ƙoshi, amma ba za ta yi ƙiba ba. Wajibi ne a riƙa haɗa su, a ƙara da dusa, da gishiri ko kanwa kaɗan, da ruwa mai tsabta kullum.

Ingancin harawa yana ga ganyenta. Ya kamata manomi ya yanke ta tun tana da sauran kore, ya busar, ya ɗaure dami-dami, ya ɗora bisa rumfa inda gara da raɓa ba za su same ta ba. Kara kuwa a daddatse shi ƙanana, domin dabba ta ci ba tare da ɓarna ba.

Ana iya ƙara wa kara daraja da takin yuriya. A narkar da kilo 4 cikin ruwa lita 100, a yayyafa wa kara kilo 100, a danne cikin rami, a rufe da leda ruf har mako 3. Idan aka buɗe, a shanya shi ya sha iska kafin a bayar. Kada a ba ƙananan da ba su fara tuƙa ba, kuma kada dabba ta kusanci takin ko ruwansa, domin guba ne.

A jihohin da ake noman rogo, ɓawonsa abinci ne mai sa ƙarfi, amma ɗanyensa yana iya kisa. Sai an shanya shi a rana ya bushe ƙarau. Haka nan duk abincin da ya yi fumfuna a zubar da shi. Sabon abinci kuwa a fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa sannu a hankali.

Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona ko malamin dabbobi na yankinsa, ko Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, kusa da Zariya. Tanadin rani tun da kaka ake yin sa.