Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Girgiza Ke Tona Lahanin Gini

Wani mai sauraro daga Mpape a Abuja, inda ƙasa ta motsa a watan Satumban 2018, ya tambayi yadda injiniyoyi ke gano lahanin da ido ba ya gani a jikin gini ko gada.

Kowane gini yana da mitar girgizarsa, wato yawan kai-komon da yake yi a daƙiƙa ɗaya idan iska ko motoci suka motsa shi, kuma taurinsa da nauyinsa ne ke ƙayyade ta. Idan ginshiƙi ya tsage, tauri yakan ragu, mitar ta sauka, kamar yadda tsagaggiyar tukunya ke sauya amo idan an ƙwanƙwasa ta. Gano ainihin wurin tsagewar ya fi wuya, domin sai an jera na'urorin auna girgiza a kowane hawa, an kwatanta lanƙwasar kowane sashe da awon da aka ɗauka tun ginin yana lafiya. Gwajin gadar Z24 a Suwizalan a 1998 ya nuna cewa sanyi kaɗai kan sauya mitar, saboda haka awo ɗaya bai isa a yanke hukunci ba.