Amsoshin Tambayoyinku: Fushi da Kisan Kai a Koyarwar Kirista

Wani mai sauraronmu daga Tirwun, a birnin Bauchi, ya aiko yana tambaya ko gaskiya ne Kirista na lissafa maƙiyin ɗan'uwansa cikin masu kisan kai.

Malam, gaskiya ne. Haramcin kisan kai yana cikin Dokoki Goma da aka ba Annabi Musa, a Littafin Fitowa sura 20. Amma sa'ad da Yesu Almasihu ya yi wa'azinsa a kan dutse, kamar yadda Matiyu ya ruwaito a sura 5, bai tsaya ga hannun da ya zubar da jini ba, sai ya bi sawun laifin har cikin zuciya, ya bayyana cewa mai riƙon fushi da mai wulaƙanta ɗan'uwansa da harshe su ma hisabi na jiransu, har ya umarci wanda ya zo miƙa hadaya ya ajiye ta, ya je neman sulhu tukuna. Wasiƙar Yohanna ta Fari, sura 3, ta kafa hujja da Kayinu, wato Ƙabila, wanda hassada ta kai ga halaka Habila.

Tashin fushi ɗabi'ar ɗan Adam ce; kwana da shi ne Manzo Bulus ya hana a wasiƙarsa zuwa ga Afisawa.

Ga misalin inda riƙon gaba ke kaiwa: dattawan Bauchi suna tune da Afrilun 1991, lokacin da fitinar garin Tafawa Ɓalewa ta bazu zuwa birnin Bauchi, rayuka masu yawa suka salwanta, alhali gabar da ta haddasa ta an yi shekaru ana renonta a zukata.