Musayar mota da ciko: ciniki biyu ne, ku rubuta duka

Wani malamin makaranta da ya yi ritaya ya shigo ofishina da leda cike da takardu, babu ta kirki ko ɗaya. Ya kai tsohuwar Corolla ɗinsa wurin wani mai sayar da motoci a nan Kano, ya yi ciko da kuɗin sallamarsa, aka ba shi Sienna don ya riƙa jigila. Ba a jima ba kwastam suka tare shi a hanyar Zariya. Takardar diyutin jabu ce, lambar shasin da ke cikinta ta wata mota ce daban. Suka wuce da motar.

Ya koma wurin dillalin. "Malam, ai ni ma haka na saye ta, kuma ka gani ka ce kana so." To, a dawo masa da Corollarsa mana? Wai tuni an sayar, ta bar gari.

Na ce ya nuna mini rasit. Ya miƙo wata 'yar takarda: "An karɓi naira miliyan huɗu, kuɗin mota." Shi ke nan. Wace mota? Babu lambar shasi, babu shaida, Corolla kuwa ko ambatonta ba a yi ba. Na ce, "Malam, nawa aka yi wa taka kuɗi?" Ya ce, "Barista, da baki muka yi, ai masallacinmu ɗaya." Wannan magana ta ishe ni wallahi. Alƙali ba ya karanta sahun salla.

Kafin ya zo ma sai da wani ɗan kanzagi ya ci kuɗinsa, wai zai sa a kulle dillalin. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan saɓa alkawarin ciniki kawai. Takardar jabu laifi ce, wannan nasu ne, amma karɓo kuɗinka sai kotu ko sulhu.

Muka aika wasiƙar neman biya, muka zauna gaban shugabannin kasuwar. Da dillalin ya ji zancen kotu sai ya sauko, ya yarda zai mayar da cikon kashi uku. A kan Corolla aka tsaya. Malam ya ce miliyan uku, dillali ya ce biyu, babu abin da zan ɗora a tebur. Biyun Malam ya karɓa.

Musaya ciniki biyu ce: ka sayar, ka saya. A rubuta kuɗin tsohuwar daban, na sabuwar daban, da lambar shasin kowace, shaidu su sa hannu. Tun da aka hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa a Janairun 2017 ya kamata kowa ya san takardar diyuti abar tuhuma ce. Ka je ofishin kwastam da ƙafarka su duba. Ka zo da bakanikenka, ba na dillali ba. A yi canjin suna, kar a yi ɓarna da tsohuwar motarka a zo nemanka.

Kuma don Allah kar ka miƙa mukulli da takardun taka kafin ka gama binciken tasu.