Shin Ƙwaro Yana Da Ƙoda?

Ɗalibai sukan yi dariya idan muka ce sauro yana fitsari. To, yana yi. Sai dai ƙwari ba su da ƙoda irin tamu. Abin da ke yi musu wannan aiki wasu siraran bututu ne kamar zare, da ke manne inda hanjin tsakiya ya haɗu da na baya. Suna tace jinin ƙwaro, su zuba dattin cikin hanji. Sunansu bututun Malfigi, don tunawa da Marcello Malpighi, masani ɗan Italiya da ya bayyana su a jikin tsutsar siliki a 1669.

A jikin fara, ɗango yakan fito da 'yan kaɗan, suna ƙaruwa duk lokacin da ya yi saɓa, har babbar fara ta kai wajen 250. Sauro kuwa biyar gare shi, tun yana tsutsa har ya mutu.

A nan ne abin lura yake. Mu ɗebo ruwan tsohuwar randa, mu duba tsutsotsin da ke wutsil-wutsil a ciki. Ruwa yana shiga jikinsu kullum, don haka bututun ba sa hutawa. Idan tsutsa ta daina ci ta naɗe, wato matakin da ke gaban fitowar fiffike, sassa da yawa na jikinta sukan rushe a sāke gina su. Bututun nan ba sa rushewa. Lafawa kawai suke yi: 'yan gashin da ke cikinsu su gajarce, tacewa ta ragu ƙwarai. Dab da fitowar sauro sai gashin su sake tsawo, aiki ya dawo.

Amma aikin ya canza. Yanzu sauro yana cikin iska, dole ya yi tattalin ruwa. Sai kuma ranar da macen ta sha jini, wanda yakan fi nauyin jikinta. Nan take wani sinadari ya zaburar da bututun, ta fara zubar da ruwa da gishiri tun bakinta yana cikin fatarmu. In ba haka ba, nauyi ya hana ta tashi da sauri, tafin hannu ya same ta.

Shi ya sa masu yaƙi da zazzaɓin cizon sauro suke gwada magungunan da za su tsayar da aikin bututun nan biyar.