Yadda Ake Tsara Jikin Jirgin Ruwa Don Ya Rage Shan Mai Ya Kuma Jure Igiyar Ruwa

A ranar 30 ga Nuwamba 2021, wani jirgi da ya taso daga Badau zuwa Bagwai ya kife a madatsar ruwan Watari ta jihar Kano. Aƙalla mutum 29 ne suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya, kuma lodin da ya wuce kima aka ɗora wa laifin. Don fahimtar dalili, sai an san yadda jikin jirgi yake aiki.

Me ke riƙe jirgi a saman ruwa?

Jirgi yana ture ruwan da nauyinsa ya yi daidai da nasa, kamar yadda Archimedes ya gano. Lita 1,000 ta ruwa kilo 1,000 ce. Duk fasinjan da aka ƙara, jirgin zai daɗa shiga ruwa, tazarar da ke tsakanin bakinsa da ruwan ta ragu. Idan ta yi kaɗan, ƙaramar igiya ma ta isa ta cika shi.

Me ke cin mai?

Abu biyu ne: gugar ruwa a jikin jirgi, da igiyar da shi kansa yake tayarwa. William Froude ya auna su ta hanyar jan ƙananan jirage a wani dogon tafkin gwaji a Torquay ta Ingila, wajajen 1872. Jirgin da ke ratsa ruwa yana da iyakar gudu gwargwadon tsawonsa. Mai mita 9 iyakarsa kusan kilomita 13.5 ce a awa. Daga nan ƙara wuta yawanci ɓarnar mai ce. Lodi kuwa yana ƙara faɗin jikin da ke gugar ruwa.

Siffar ƙasan jirgi

Mai shimfiɗaɗɗen ƙasa yana shiga wuri mara zurfi, amma igiya na jijjiga shi. Mai siffar V yana tsaga igiya, sai dai yana son zurfi. Dogo siriri ya fi sulɓi, amma ya fi saurin karkacewa.

Aikin kwamfuta

A yau masu ƙera jiragen shaƙatawa na alfarma suna gwada zane a manhajar CFD kafin su taɓa katako ko ƙarfe. Ba sa tsayawa kan ruwa kwance. Suna haɗawa da iska, da igiya, da cikakken lodi, da saurin da aka fi tafiya da shi yau da kullum.

Mai jirgi a Watari ko Zobe ma zai iya nasa gwajin: ya auna gudu da GPS ɗin wayarsa, ya rubuta man da ya sha da lodi kaɗan da kuma cikakken lodi. Fasinja kuma ya dubi tazarar bakin jirgi da ruwa, ya nemi rigar kariya kafin ya shiga.