Baƙin Man da Ya Dace da Tsohuwar Mota

'Yan'uwana ɗalibai, darasinmu na wannan fitowa a kan baƙin mai ne, watau man da a ke zuba wa injin mota. Watakila wani ya ce, me ya haɗa malamin makaranta da baƙin mai? To, ku saurara ku ji.

Baffana yana da Peugeot 504 mai dogon baya, wadda mu ke kira Fijo, yana jigila da ita tsakanin Maiduguri da Damaturu. Da ita ya ke ci da iyali, da ita kuma a ke biya mini kuɗin makaranta. Bara, cikin watan Afrilu, ya sayi mai na kwalba a bakin hanya don ya fi sauƙin kuɗi. Ya murza shi tsakanin yatsu, ya ji da kauri, ya zuba. Ba a yi mako uku ba inji ya buga a gaba da Benisheikh, da la'asar, ga fasinja bakwai a ciki. Kowa ya san wannan hanya ba wurin da mutum zai so rana ta faɗi masa ba ne. Allah ya tsare, aka jawo motar gida, amma gyaran ya cinye ribar wata huɗu, ni kuwa na yi zangon karatu guda da bashi a kaina. Gaskiyar masu magana, araha ba ta ado.

Gobe za a tura mu garuruwa, inda malami shi ne mai karanta wa jama'a abin da ke rubuce. Lalle wata rana direba zai kawo maka galan ya ce, "Malam, duba mini." Ya kamata ya tarar ka sani.

Wace ce tsohuwar mota?

An fara yin 504 a Faransa a 1968. A 1975 aka buɗe ma'aikatar haɗa Peugeot a Kaduna, aka yi ta fid da 504 daga can har bayan shekara ta 2000. Saboda haka ko wadda ta fito a ƙarshe an yi injinta bisa fasalin da ya haura shekara 50. Irin wannan inji, tun yana sabo akwai 'yar rata tsakanin ƙarafansa fiye da ta injin zamani, da ya tsufa kuwa ratar ta ƙaru. Abin da za mu faɗa a kan 504 ya shafi 404, da 505, da sauran sa'o'insu masu shan fetur.

Aikin mai a cikin inji

Aiki huɗu mai ya ke yi. Yana shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada su ci juna. Yana ɗauke zafi. Yana wanke dauɗa ya kai ta filta. Sa'an nan yana toshe 'yar kafar da ke tsakanin fistan da bangon silinda. In man ya tsinke ƙwarai, sai ya tsere daga ratar, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. In ya yi kauri ƙwarai, sai ya makara wajen isa saman inji da safe. Ka ga zaɓen mai, neman tsaka-tsaki ne.

Alama ta fari: SAE

Kun san halin man shanu: da hunturu ya daskare, da bazara ya narke. Baƙin mai ma haka ya ke, zafi na tsinka shi. Don haka kaurin da yatsa ya ji a inuwa ba shi ne kaurin da inji zai samu ba. Nan baffana ya ruɗu.

Ƙungiyar injiniyoyin motoci ta Amurka, SAE, ita ta tsara lambobin kauri. In ka ga 20W-50, lamba biyu ke nan. Ta farko, mai harafin W, tana nuna yadda man zai gudana cikin sanyi. W ɗin harafin farko ne na sunan lokacin sanyi da Turanci. Ƙanƙantar lambar, saurin gudunsa da asuba. Ta biyu tana nuna kaurinsa a digiri 100, watau zafin da ruwa ke tafasa, wanda kusan shi ne zafin mai cikin inji mai aiki. Girman lambar, yawan kaurin.

A Maiduguri zafin Afrilu da Mayu ya kan wuce digiri 40, ga mota da lodi, ga doguwar tafiya. Lamba ta biyu ita ce babbar damuwarmu. Ga tsohon inji, 20W-50 ya dace. In bai daɗe da gyara ba, 15W-40 ma ya yi. Mai irin 0W-20 da 5W-20 an yi shi ne domin injin zamani mai matsattsun ƙarafa. Tsadarsa ba ta sa ya dace da Fijo ba. Shi kuwa SAE 40 mai lamba guda yana jure zafi, amma da sanyin safiyar Disamba da Janairu ya fi nauyin tashi.

Alama ta biyu: API

Wannan ta cibiyar harkar man fetur ta Amurka ce, tana nuna ƙarfin magungunan da aka zuba cikin man. Harufa biyu ne. In na farko S ne, na injin fetur ne. In C ne, na injin dizal. Harafi na biyu kuwa, ci gabansa cikin abacada, ci gaban man: SF ya fito a 1980, SL a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020. A zamanin ƙuruciyar 504, SE da SF a ke zuba mata, saboda haka SL ko SN sun wadatar. Amma in ka ga SA, ajiye shi. Ba magani a cikinsa ko kaɗan, bai dace da motar da aka ƙera bayan 1930 ba. Wanda ba alama a jikinsa sam, ya fi SA hatsari, gama ba wanda ya san abin da ke ciki.

Akwai wani abu da ya shafi tsohon inji musamman. A cikin 504 kamshaf yana gugar ƙarafa masu shafaffiyar fuska don ya buɗe bawul, wurin kuwa matsi ya yi yawa. Abin da ke tsare shi wani magani ne na tutiya da fosforas, sunansa ZDDP. Amma fosforas yana ɓata matatar hayaƙi ta cikin salansar motocin zamani, wadda kanikawa ke yi wa laƙabi da indomi. Don haka tun daga 2004 aka ƙayyade kada ya wuce kashi 800 cikin miliyan a tsinkakkun mai irin su 5W-30 da 10W-30. Wannan iyaka ba ta hau kan 20W-50 da 15W-40 ba, Fijo kuwa ba ta da matatar. Ga dalili na biyu ke nan na zaɓen mai kauri.

Ƙura da juye

Ko man ya yi kyau, ƙurar Borno ba ta raga masa. Shawarata a yi juye kafin a cika kilomita 5,000, ko kuwa wata 6 in motar ba ta yawan tafiya, a sake filta tare. Injin 504 yana ɗaukar kimanin lita 4. A sayi galan rufaffe a gidan mai ko kantin da aka sani, a tsaya a buɗe shi a gaban ido. A riƙa jawo geji kowace safiya kafin a ta da mota, tana tsaye a wuri mai daidai. Baƙin launi kaɗai ba laifi ba ne, alama ce man yana wanke dauɗa. Amma in ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. In yana warin fetur, a duba kafireto. Tsohon man kuwa kada a zuba shi a kwata, gama ƙarshensa kogin Ngadda.

Gwaji domin aji

Sami kwalba biyu dogaye, ka cika ɗaya da sabon 20W-50, ɗaya da 5W-30. Jefa ƙwayar boris cikin kowace, yara su ƙirga har ta kai ƙasa. Sa'an nan ajiye kwalaben a rana awa biyu, a sake gwadawa. Da idonsu za su ga abin da zafi ke yi wa kauri.

Tambayoyi

1. Faɗi aiki huɗu na baƙin mai.
2. Me lamba 50 ke nufi cikin 20W-50?
3. Direban 504 ya kawo maka galan biyu, ɗaya 0W-20 SP, ɗaya 20W-50 SL. Wanne za ka ce ya zuba, don me?

Baffana yanzu ba ya zuba mai sai ya kira ni na karanta masa galan. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya.